Na kunyata Kawuna a gaban maigida kan tsarin kod ɗinsa, yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, haifaffen Makka, na karanta ilimin kwamfuta. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina aiki a wani ƙaramin ofishi da ke kama wa masu Umra da alhazan Nijeriya da Nijar masauki da mota da abinci. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya kawo ni wurin, shi ne kuma ya rubuta manhajar da ofishin ke aiki da ita tun 2012. Da harshen rubuta manhaja na JavaScript ya yi ta, fayil uku manya, babban cikinsu ya haura layi 6,000. Komai a fili yake zube, kowane fankshan (guntun kod, wato rubutaccen umarnin kwamfuta, mai yin aiki guda) yana iya taɓa kowane mazubi (sunan da ake ajiye wata ƙima a cikinsa).

Watan jiya aka ce in ƙara shafin ziyarar Madina. A cikin fankshan ɗina na rubuta kwana = 4, ban san Kawu yana da mazubi mai wannan suna da yake lissafin kwanakin otal na Makka da shi ba. Wata tawaga ta mutum 40 ta kama ɗaki 10 na kwana 10, kowane ɗaki riyal 300 a dare, sai fatura ta fita da kwana 4. Riyal 18,000 suka zube, ban da haraji. Sai da suka koma gida aka gano.

Maigida ya tara mu ya tambayi abin da ya faru. Raina a ɓace, na ce laifin tsarin ne, wannan kod bola ne, sai an zubar an sake sabo bisa tsarin mojul, wato a raba kod ɗin gida-gida, kamar yadda duniya ke yi yanzu. Kawu bai ce komai ba sai abu biyu: lokacin da aka ƙara haraji a 2020 layi ɗaya ya canza aiki ya ci gaba, kuma sama da shekara goma ba a taɓa asarar ko halala ɗaya, wato kwabon riyal, ba sai da na zo. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Mahaifiyata ta ce in je in ba shi haƙuri. Ni kuma ina ganin a maganar aiki ni ke da gaskiya. Saura wata biyu azumi, aiki zai yi yawa, ina tsoron a sake maimaitawa. In sake rubuta manhajar a ɓoye in nuna wa maigida, ko in yi shiru, ko in nemi wani aikin?

Wani ɗan'uwa daga Makka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya huci zuciyarka, ya huci ta Kawu. Matsala biyu ka ɗaure a ƙulli ɗaya, ta kod da ta zumunci, kuma ta kod ɗin ce mai sauƙi. Sai dai ba za ka iya kai hannu gare ta ba kafin ka warware ɗayar, domin taswirar manhajar nan a kan Kawu take, ba a rubuce take a ko'ina ba.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, don kada ka zaci na goyi bayan babba ne saboda girmansa. A maganar sana'a ka hango daidai. Kai ɗan Makka ne, ka san yadda ƙofar Harami take a goman ƙarshe na azumi. Mutum ya tuɓe silifansa ya ajiye cikin tarin na jama'a, ya idar da salla ya fito bai gan su ba. Sau da yawa ba sata ba ce. Wani ne ya zo da irinsu sak, launi ɗaya, girma ɗaya, ya zura ƙafa ya tafi da zuciya ɗaya. Shi ya sa wanda ya saba yake sa nasa a 'yar jaka ya rataya a kafaɗa. To haka tsakar gidan manhaja take. A JavaScript, duk mazubin da aka buɗe da kalmar var a saman fayil na gargajiya, da duk fankshan da aka rubuta a wurin, suna zubewa ne a wuri ɗaya da burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ke kira window. Fayilolin Kawu uku ne a idonka, amma a wurin burauza tsakar gida ɗaya ce. Da kod ɗin yana layi 300, mutum ɗaya zai riƙe sunayen duka a ka. Da ya kai 6,000, kuma hannu na biyu ya shigo, karo ya zama dole, ranarsa kawai ake jira. Sunaye irin su kwana, jimla, farashi, rana, kowa ya zauna rubuta manhajar otal su za su fara zo masa a baki.

Mojul shi ne 'yar jakar nan. Abin da ka buɗe a cikinsa nasa ne, ba ya fita sai ka sa masa export da hannunka, wani fayil kuma ba ya ganinsa sai ya nema da import. Ko ya nema ya samu, karantawa zai yi, ba zai iya sake cusa masa wata ƙima daga waje ba. Wannan magana ba ta zamani ba ce. Tun 1972 David Parnas ya yi bayanin yadda ya kamata a raba manhaja gida-gida, a 1973 kuma William Wulf da Mary Shaw suka yi rubutu a kan illar mazubin da kowa ke taɓawa. Ba a ma haifi JavaScript ba a lokacin, sai 1995.

Yanzu ga naka. Hannunka ne ya rubuta kwana = 4 ba tare da let a gabansa ba. Harafi uku ne, da ka sa su da mazubin ya tsaya a cikin fankshan ɗinka, na Kawu ya zauna lafiya, fatura ta fita daidai. Kuma ka shiga gidan da ba kai ka gina ba, ka ajiye kaya ba ka bincika ko akwai mai wurin ba. Neman kalmar kwana a cikin fayil uku ba zai ci maka minti ɗaya ba. Tsarin Kawu ya haƙa ramin, wannan haka yake, amma ƙafarka ce ta taka. A gaban maigida ka faɗi rabin gaskiya, ka haɗiye rabin da ya shafe ka, kuma ina kyautata zaton wannan ne ya fi yi wa Kawu ciwo, ya ma fi kalmar bola. Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi ba. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya taɓa yin irin wannan kuskure, kuma tsoron da ya kama ka ranar, ga asarar kuɗi ga idon maigida, shi ya sa bakinka ya riga hankalinka. Na fahimce ka sarai.

Ka ɗan tsaya a inda Kawu yake tsaye. A 2012 babu import babu export a harshen. Sai a 2015 aka shigar da su cikin ƙa'idar JavaScript, tare da sababbin kalmomin buɗe mazubi, let da const, kuma burauza ba ta fara karɓar import da export kai tsaye ba sai daga baya: Chrome a 2017, Firefox a 2018. Masu Node.js, da ake gudanar da JavaScript da shi a wajen burauza, suna da nasu tsarin ɗauko fayil mai suna require tun wajen 2009, amma wanda ke rubuta shafin da za a buɗe a kwamfutar ofis, jera fayilolinsa yake yi ɗaya bayan ɗaya su haɗu a tsakar gida. Kawu ya yi gini ne da tubalin zamaninsa, kuma ginin ya tsaya. Alhazai nawa suka kwana a ɗakin da manhajar nan ta kama musu? Albashin da kake karɓa ma ta cikinta yake biyowa.

Maganarsa ta haraji kuma kada ka ɗauke ta a matsayin kare kai kawai, akwai ilimi a cikinta. Ranar 1 ga Yulin 2020 harajin kaya da hidima a Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Waɗanda suka warwatsa lambar 5 a wurare hamsin cikin kod ɗinsu sun sha wuya a makon nan. Kawu ya ajiye ta a wuri ɗaya, ya canza layi ɗaya. Wannan kyakkyawan tunani ne, kuma shi ne ainihin abin da mojul ke nema: abu ɗaya, mazauni ɗaya. Bambancin da nake so ka riƙe shi ne tsakanin mazubin da kowa ke karantawa ba mai canza shi, kamar kason haraji, da mazubin da kowa ke iya zuba masa abin da ya ga dama, kamar kwana. Na farko kamar agogon bango ne, kowa ya ɗaga kai ya duba. Na biyu shi ne tarin silifa. Ranar da ka ce duka bola ne, ka haɗa mai kyau da marar kyau ka watsar, shi kuwa ya san akwai mai kyau a ciki, don haka ya daina sauraronka gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ba zai faɗa maka ba. Mutumin da ya kai shekarunsa a wannan sana'a yana ganin yara suna fitowa da kalmomin da bai taso da su ba, kuma a ransa yana tambayar ko an kusa ce masa ya gode. Da ɗan 'yar'uwarsa, wanda ya riƙo hannunsa ya kawo, ya ce a zubar da aikinsa a gaban mai biyansa albashi, abin da kunnensa ya ji shi ne a zubar da shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma yadda ka faɗe ta, sauke mu raba ta zama.

Saboda haka ka bi maganar mahaifiyarka, kuma kada ka bari Juma'a biyu ta wuce. Ka same shi a gida, ba a ofis ba, bayan Isha'i, lokacin da ba idon kowa. Ka gaishe shi yadda ka saba tun kana yaro, ka ce: Kawu, na zo ne in ba ku haƙuri. Kuskuren fatura nawa ne, ni na rubuta layin ban duba ba, maganar da na yi a gaban Alhaji kuma ban kyauta ba. Ka tsaya a nan. Kada ka liƙa mata "amma", kada ka kawo zancen mojul a daren nan ko da shi ya taɓo shi. Washegari ka je wurin maigida, in da hali Kawu yana wurin, ka faɗi rabin da ka haɗiye. A gaban mutum aka yi ɓarin, a gabansa ya kamata a kwashe. Ka kuma ɗauki ɗawainiyar gyaran takardun da kanka. Ka san tun da Hukumar Zakka da Haraji ta wajabta fatura ta na'ura a Disamban 2021, wadda ta fita ba a goge ta, sai dai a bi ta da takardar gyara. Ka shirya wannan, ka rubuta wa jagoran tawagar bayani cikin ladabi, ka bar wa maigida hukuncin ko zai nemi cikon ko zai yafe.

Batun sake rubutawa a ɓoye kuwa, ka cire shi daga ranka. Ta fuskar zumunci cin amana ne, domin ranar da ka buɗe wa maigida sabuwar manhaja, ka gaya masa ke nan ba a bukatar Kawu. Ta fuskar aiki ma asara ce. A cikin layi 6,000 ɗin nan akwai ɗaruruwan ƙananan abubuwa da rayuwa ta koya wa Kawu: otal ɗin da ke ƙirga daren isowa daban, tawagar da ke biya rabi da riyal rabi daga gida, yaron da ba a caji kuɗin gadonsa, farashin da ke sauyawa in goman ƙarshe ta shigo. Ba ka san su ba, ba a rubuce suke a takarda ba, sabuwar manhajarka za ta fito tsaf da ita amma ba ta san ko ɗaya ba. Kamfanin Netscape, inda aka ƙirƙiri JavaScript ɗin kansa, ya ajiye tsohon kod ɗin burauzarsa a 1998 ya kama sabo, sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan kasuwa ta tafi ta bar shi. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Abin da zan so ka yi kafin azumi kaɗan ne, kuma ba ya taɓa layi ɗaya na Kawu. Da farko, in ba a ajiye kod ɗin a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, ba, ka nemi izininsa ku ajiye, domin duk abin da aka canza a iya komawa baya. Sannan duk sabon abin da kai za ka rubuta, ka buɗe mazubansa da let ko const, kuma fankshan ɗinka ya karɓi abin da yake bukata ta ƙofa, ya mayar da amsa ta ƙofa. Maimakon ya leƙa tsakar gida ya ɗauko kwana, a miƙa masa adadin ɗakuna da kwanaki da farashi, shi kuma ya miƙo jimla. Ka sa ESLint a kwamfutarka ya riƙa duba fayilolinka. Dokarsa ta no-undef tana yi maka ihu duk lokacin da ka taɓa sunan da ba a buɗe shi a fayil ɗin ba, kuma da tana nan watan jiya da ta kama kwana tun kafin ka adana.

A nan akwai wani abu da nake so ka lura da shi sosai, domin matasa da yawa suna ruɗuwa a kansa. Mayar da fayil ɗinka mojul ba zai hana ka sake yin irin wancan kuskure ba muddin mazuban Kawu suna tsakar gida. Katangar mojul tana hana naka fita, amma ba ta hana hannunka miƙawa waje. In ka rubuta kwana = 4 a cikin mojul ba tare da let ba, alhali akwai kwana a window, na Kawu za ka sake takawa. Haka ma umarnin tsaurara doka na "use strict": yana kama wanda ya zuba ƙima a sunan da babu shi sam, amma sunan da yake akwai a waje, shiru zai yi ya bar ka. Cikakkiyar kariya sai ranar da lissafin Kawu ma ya shiga nasa ɗakin. Na faɗa maka wannan ne don kada ka je gabansa da alkawarin da mojul ba zai cika ba, ya gwada ya ga ba haka ba ne, ka sake zubar da maganarka.

In zuciya ta sanyaya, ko da bayan sati biyu ne, ka je masa da roƙo, ba da shawara ba. Ka buɗe manhajar a burauza, ka fitar da jerin sunayen da ke kan window, ka cire waɗanda burauza ke zuwa da su tun asali. Abin da ya rage shi ne kayan Kawu. Ka buga su a takarda, takarda ta gaske, ka kai masa da biro. Ka ce: Kawu, ina tsoron in sake taka muku wani abu, ku gaya mini aikin kowanne. Ku zauna da shayi ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga yana tsayawa a kan wani suna ya yi murmushi ya ba ka labarin shekarar da ya ƙara shi da abin da ya jawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ina tabbatar maka akwai sunaye biyar ko shida da shi kansa yake taka-tsantsan da su, zai nuna maka su da bakinsa in bai ji ana tuhumarsa ba. Kana rubutawa kana raba su a zuciyarka: waɗanda ba sa canzawa, waɗanda da gaske shafuka da yawa ke bukata, da waɗanda suka zubo waje kawai don an manta sa musu var. Za ka tarar kashi na ukun nan sun fi yawa, kuma su ne mafi sauƙin gyara. Wannan takarda ita ce taswirar farko da ofishinku zai mallaka, kuma da sunan Kawu za a san ta.

Daga nan sai haƙuri. Azumi da Hajji ba lokacin taɓa ginshiƙi ba ne, ka fi ni sanin yadda ofis irin naku yake komawa daga Sha'aban zuwa ƙarshen Zulhajji. Sai alhazai sun watse, gari ya yi sauƙi, sannan ku ɗauki abu ɗaya tak. Ni da lissafin fatura zan fara, tunda nan aka ji ciwo. Kafin ku taɓa shi, ku tattara tsofaffin fatura kamar 50 waɗanda aka tabbatar daidai suke, masu sauƙi da masu murɗiya. Ku fitar da lissafin zuwa nasa fayil, ku ba shi bayanan tsofaffin nan, ku ga ko zai fitar da jimla iri ɗaya har zuwa halala. In ya yi, ya tsaya. In ya saɓa a guda uku, kun gano ƙa'idoji uku da ke ɓoye, Kawu zai gaya maka dalilinsu. Bayansa sai na gaba.

Wajen yanke inda za a ja katanga, shawarar Parnas har yau ba ta tsufa ba: kowane mojul ya rufe abu ɗaya da ake sa ran zai canza wata rana. A aikinku a bayyane suke. Haraji da siffar fatura, waɗanda hukuma ke iya sauyawa. Juya kwanan wata tsakanin Hijiriyya ta Ummul Ƙura da Miladiyya. Canjin kuɗi tsakanin riyal da naira da sefa, wanda ba ya kwana wuri ɗaya. Farashin otal-otal da yanayinsu. Huɗu ko biyar sun isa. Kada zumuɗi ya sa ka farfasa shi fayil sittin, wannan yana kiran wancan, wancan yana komowa ya kira wannan, har mutum ya buɗe fayil takwas kafin ya gane inda ake tara kuɗin mota. Na ga ofisoshin da suka gudu daga tarin silifa suka faɗa wannan, kuma wahalarsu ba ta ragu ba.

Ka shirya wa tuntuɓe uku da kusan kowa ke yi a ranar farko, domin in suka same ku ba shiri Kawu zai ce ka gani ko. Maɓallan da aka rubuta musu onclick a cikin HTML, harshen tsara shafin, suna neman fankshan ɗinsu ne a tsakar gida. Da zarar ka mayar da shi cikin mojul, a danna maɓalli shiru. Ko dai ka ɗaura su da addEventListener daga cikin mojul, ko ka rataya fankshan ɗin a window da gangan na ɗan lokaci. Na biyu, fayil mai type="module" ba ya gudana nan take, yana jira a gama karanta shafin, don haka tsohon kod da ke tsammanin samunsa da wuri zai tarar bai iso ba. Na uku, in a ofis ana buɗe shafin ne ta danna fayil kai tsaye daga kwamfuta, burauza za ta ƙi ɗauko mojul, sai an bi ta sabar yanar gizo (server), wato manhajar da ke miƙa wa burauza shafi, ko da ƙarama ce a kan kwamfutar.

In kuma Kawu ya ce shi bai yarda da import da export ba, akwai hanya ta tsakiya wadda ta girmi su biyun, kuma ya san ta ko bai san sunanta ba. Manhajar 2012 da wuya a ce ba ta amfani da jQuery, wani laburare na shiryayyen kod. Ka tuna masa cewa wannan laburare, duk girmansa, suna biyu kacal yake ajiyewa a tsakar gida, $ da jQuery, sauran kayansa duka suna naɗe a cikin fankshan guda da ke kiran kansa da kansa. Ku ma kuna iya yin haka: kowane fayil a naɗe shi, a bar suna ɗaya a waje, a ce Ofis, komai ya rataya a jikinsa, Ofis.haraji, Ofis.fatura. Daga suna ɗari biyu a koma ɗaya. Bai kai mojul na zamani tsafta ba, amma ya toshe mafi yawan ramukan, kuma daga nan zuwa mojul taki ɗaya ne. In wannan ce zai karɓa da daɗin rai, ka karɓa, ta fi cikakken tsarin da za a yi yana ɗaure da fuska.

Maigida kuwa ba ruwansa da window ko export. Abin da ya dame shi kada a sake asara, kuma kada aiki ya tsaya ranar da ɗayanku ya kwanta rashin lafiya ko ya yi tafiya. In lokacin magana da shi ya yi, ku je tare, Kawu ya yi bayani, kai ka cika. Ku nemi a ware muku 'yan kwanaki bayan Hajji, ku gaya masa abin da zai samu a bakin da yake ji: fatura da aka gwada da tsofaffi 50 kafin ta fita, da takardar da wani zai iya bi in ba ku nan.

Zai yiwu ka yi duk wannan Kawu ya karɓi haƙurinka amma ya ce kada a taɓa masa kod. Haƙƙinsa ne a yanzu, shi ne babba a aikin. Sai ka tsare naka ɓangaren, ka riƙe takardar sunayen nan kusa, ka duba ta kafin kowane sabon suna, ka bar lokaci ya yi aikinsa. Sau da yawa wanda ya ƙi a Rajab yakan dawo da kansa a Muharram ya ce wai me ka ce game da fatura. In shekara ta zagayo ka ga ba ka ƙaruwa, neman wani wuri ba laifi ba ne, saurayi mai shekara 26 yana bukatar inda zai koyi aiki cikin tawaga. Amma ka tafi bayan Hajji, da sanin Kawu da albarkarsa, ka bar musu komai a rubuce. Kada ka fita yanzu, da ɓacin rai, saura wata biyu azumi, domin kowa zai ce ka yi ɓarna ka gudu, kuma kai da Kawu za ku ci gaba da haɗuwa a falon mahaifiyarka kowace Salla.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata shawararta na bi. In kun zauna kan takardar nan, ka rubuto mini sunaye nawa kuka samu da waɗanda Kawu ya ce a yi hankali da su, sai mu duba wanda ya kamata ya bi bayan fatura.